Taku Goma Sha Tara Zuwa Mota

Alhamis, 19 ga Disamba

Gobe za su iso. Yaya, matarsa da 'ya'yansu uku. Kwana goma sha uku wai. Allah Ya ƙaro min haƙuri, don wanda nake da shi ya ƙare tun a shago.

Kowa sai a hutun ƙarshen shekara yake tuna zai aurar da 'yarsa. Katin biki ɗari takwas na buga yau. Wata ta dawo da nata wai launin bai yi daidai da na mayafinta ba. Na ce ta kawo mayafin in sa a injin. Mai shago ya harare ni.

Na dawo na tarar da Baba yana atisaye. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki taku bakwai. Daga ƙofa zuwa kujerarsa sha ɗaya. Daga kujera zuwa mota sha tara. Bai kuskure ko ɗaya ba, har da wani taƙama.

Bari in rubuta a nan tunda ba ni da wanda zan faɗa wa. Baba ba ya gani. Wata goma sha ɗaya ke nan, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ni kaɗai na sani, kuma ya sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba. Asibiti kuwa ko sunansa ba ya so, tunda aka yi wa amininsa aikin ido ya dawo gida da sanda. Ya ce ranar da Yaya ya sani, ranar zai zama kaya, a ɗauke shi a ajiye a gidan Yaya, bene hawa na huɗu, a sayar da motarsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota, abokan aikinsa na ce masa Idon Mikiya.

Baƙin tabaransa na tun zamanin tuƙi shi ke rufa mana asiri. Sauran aikin nawa ne.

Juma'a, 20 ga Disamba

Sun iso. Na zama rediyo.

Duk wanda ya shigo sai na yi shela. "A'a, Yaya, wannan farar rigar fa." Sai Baba ya ce fari ya karɓe shi. "Ke ƙarama, zo ta damar Kaka ki gaishe shi." Baba ya shafa kanta ya ce ta yi tsawo. Yaya sai washe baki yake, wai Baba bai tsufa ba ko kaɗan. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ina zai san tsufa.

Matarsa kuwa tana nan yadda na san ta. Uwar Gyara. Ni na raɗa mata sunan tun zuwanta na farko da ta jera min cokula manya daban ƙanana daban. A baki Anti nake ce mata, don dole. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce labulen falo ya sha rana.

Yaran ba su gama cire takalmi ba suka fara: "Kaka, yaushe zagaye?" Abin da nake tsoro ke nan. Duk shekara, Lahadin ƙarshe ta hutu, Baba kan ɗebe su a tsohuwar motarsa ya kai su bakin tafki ya saya musu askirim. Shi yake tuƙi, ba ya yarda kowa ya taɓa sitiyarin. Bara da sauran ganinsa, ina gefensa ina raɗa masa hanya, muka je muka dawo zuciyata kamar ta faɗo. Bana na ɗauka zai ce ƙafarsa na ciwo.

Ya ce musu: "Lahadi ta sama, in Allah Ya kai mu."

Asabar, 21 ga Disamba

Na tafi shago ƙarfe takwas, na dawo ƙarfe biyu, na tarar da falo ba namu ba ne. Ta ja kujerar Baba ta kai bakin taga wai ya riƙa shan iska. Ƙaramin tebur a tsakiyar hanya. Wata goma sha ɗaya ban matsar da ko tsintsiya ba a gidan nan, ita cikin awa shida ta rushe komai.

Baba ya fito daga ɗaki da taku sha ɗayansa, a na bakwai ya haɗu da tebur. Ƙwaurinsa ya fashe. Ya yi dariya wai tunani ya tafi. Ni na wanke ciwon, ina jin ƙafar na rawa a hannuna.

Na mayar da komai inda yake, da ƙarfi, yadda za ta ji ƙarar jan kujera daga kicin. Ta leƙo ta ce ai gyara ta yi. Na ce wanda bai ɓaci ba ba a gyara shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ya ce, "Auta, ki iya bakinki." Shekarata talatin da shida, har yanzu in iya bakina.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kwalin madara guda cikin kwana biyu. Takalma a ko'ina. Ina bin tsakar gida ina tsince su kamar mai tsintar ƙwai, ba wanda ya tambayi dalili.

Litinin, 23 ga Disamba

Da safe na kai wa Baba shayi, na rufe ƙofa. Kofi a dama, hannun kofin na kallon shi. Jarida na lanƙwasa mata kunne ta sama don ya san yadda zai riƙe, na karanta masa kanun labarai uku da zai yi wa Yaya gardama a kansu. Sannan na ce, maganar zagaye, ya janye.

Ya ce hanyar a kansa take. Fita get, dama, rami biyu, gidan mai, hagu, miƙe. Ni in zauna gaba in zama idonsa kamar bara. Na ce bara yana ganin inuwar mota, bana ko giwa aka tsayar ba zai gani ba. Ya ce shekara arba'in ko kaza bai taɓa takawa ba. Na ce kajin da suna da sa'a, lokacin yana da ido.

Bai kamata in faɗi haka ba. Ya lalubi kofin. Can ya ce in bai yi tuƙin nan ba Yaya zai tambaya, in ya tambaya an gama. "Kin dai rantse."

Na rantse. Gaba kura baya sayaki. In na yi magana na ci amanarsa, in na yi shiru yara uku ne a bayan motar. Kuma duk cikin gidan ni kaɗai ce ba ta cin abinci da daɗi.

Talata, 24 ga Disamba

Baba na wanke motarsa da hantsi kamar kullum, da hannu yake bin ta, ya san kowane lotsi. Na zura hannu ta taga na kunna fitilun gaba. Yana tsaye a gabansu yana goge gilashinsu, suna haska masa ciki, bai sani ba.

Na juya mata baya na tafi shago. Gabanta bango take kallo, ba mai lura. A shago na buga sunan ango a wurin na uban amarya, kati ɗari da hamsin, sai da aka sake.

Laraba, 25 ga Disamba

Batir ya mutu murus. Baba ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Na ce ayya. Wallahi har waƙa na yi a banɗaki.

Yaya ya zagaya motar hannu a aljihu kamar ya san wani abu. Mutumin da ko taya bai iya canzawa ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ina yanka albasa Uwar Gyara ta shigo ta tura ƙofa. Ta tsaya tana goge farantin da na riga na goge. Can ta ce, ƙasa ƙasa, jiya ƙaramar ta miƙa wa Baba zanen da ta yi, ya yaba, ya ce jirgin ya yi kyau. Ta ce kyanwa ce aka zana.

Na ce zanen 'yarki ko ni ban san kyanwa ba ce.

Ta ce, "Auta, idon Baba lafiya kuwa?"

Da wani ne ya tambaya, wataƙila da na yi shiru, shiru ma ai magana ce. Amma ita? Ta zo kwana shida ta gano abin da na kwana ina tashi da shi, ta je ta kai wa mijinta a faranti, a ce ita ce mai lura? Na ce idon Baba ya fi na wasu da ke ganin ƙurar labule ba sa ganin aikin da ake musu. Na ce ta bar min ubana, nata yana can.

Ba ta rama ba. Ta ajiye farantin ta fita. Ban so hakan ba, na fi son ta rama.

Na lura tun ranar Lahadi ba ta sake matsar da komai ba. Ɗazu ma na gan ta tana kwashe takalman yara daga hanya. Neman suna ne.

Juma'a, 27 ga Disamba

Yaya ya sayo sabon batir. Ya shigo da shi a kafaɗa, yara na tafi, ya sa aka ɗauke shi hoto yana miƙa wa Baba. Shekara guda bai tambayi ko maganin hawan jinin Baba ya ƙare ba, amma batir, da yake za a gani.

Mota ta tashi bugu ɗaya. Baba ya ba ta wuta har maƙwabta suka leƙo.

Na ɗauke makullin daga ƙusa na jefa a gwangwanin shinkafa.

Asabar, 28 ga Disamba

Baba yana da wani makullin. A ɗaure a mazagin wandonsa, tun zamanin tuƙi. Ya kira ni ɗaki ya nuna min, wai direban da ya san aikinsa ba ya yawo da makulli ɗaya. Ya ce ya san ni na kashe batir. Ya ji ɗumin fitilun a hannunsa ranar, ya ƙyale ni ne ya ga iya gudun ruwana.

Na ce ba zan shiga motar ba. Ya ce to zai tafi ba ni. Na ce zai kashe jikokinsa. Ya ce in fita masa daga ɗaki.

Na sami Yaya a waje yana waya. Na jira ya gama. Na ce motar nan ta tsufa, Baba ma ya gaji, ya karɓi tuƙin gobe ko a fasa. Iyakar abin da rantsuwa ta bar min ke nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce matsalata ba na son ganin mutane cikin farin ciki, tun da aurena ya mutu na zama haka. Ya ce abu ɗaya ya rage wa tsohon nan da yake jin shi namiji ne, shi ma sai na ƙwace.

Da tafasasshen ruwa a hannuna da ban san abin da zai faru ba.

Uwar Gyara na shanya a bayanmu. Ta ji komai. Ta bi ni da ido, na ɗauke kai.

Lahadi, 29 ga Disamba

Wannan kam sai na rubuta.

Ƙarfe goma yara suka shige baya da sababbin kaya. Baba ya fito da hularsa ta fita, taku sha tara cif, ya buɗe ƙofa ya zauna. Yaya ya juya masa motar tun da safe ta kalli get, yana tsaye gefe da waya zai ɗauki bidiyo. Baba ya ce, "Auta, shigo mana." Na ce bari in buɗe get.

Na buɗe. Ban koma ba. Na tsaya a tsakiyar hanya, daidai hancin motar, taku biyar tsakaninmu, da jan mayafina. Na rantse ba zan faɗa ba, ban kuwa faɗa ba. Tsayawa kawai na yi.

Yaya ya ce in matsa ina ɓata masa hoto, ƙarar inji ta danne maganar. Sai na ga Uwar Gyara ta zagayo da sauri ta buɗe gaba ta zauna, ta ja ƙofa. Baba ya ji an zauna, ya ɗauka ni ce. Na ga ya karkata yana mata magana. Daga baya ta gaya min abin da ya ce: "Yauwa 'yar albarka. Faɗa min, hanya ba kowa?" Ta rasa abin cewa. Ya ce to ta yi ta fushinta, shi ya san hanyarsa.

Fuskarsa na kallona sak. Na ɗaga hannu. Har zuwa lokacin, Allah Ya sani, ina fatan ya gan ni.

Ya sa giya.

Ban san mota na da nauyi haka ba tana tafiya a hankali. Ƙarfen gaba ya doki gwiwoyina, na zauna daɓas, na ga lambar motar a saitin fuskata. Sai ta tsaya da wani ƙara. Uwar Gyara ce ta finciko birkin hannu da hannu biyu. Yaya ya yar da waya yana salati. Yara suka fashe da kuka.

Baba ya kashe inji. Ya ce, "Me na taka?"

Ya sake tambaya. Ya juya gefensa ya ce, "Auta, me na taka?" Ta ce, "Baba, ni ce. Auta na gaba."

Ya fito. A nan lissafinsa ya ƙare, don bai taɓa ƙirga taku daga ƙofar mota zuwa gabanta ba. Ya bi jikin motar da hannu, a gaban ɗansa da surukarsa da jikokinsa, yana lalube. Ya iso kaina, hannunsa ya sauka a kan mayafina. Ya tsaya haka. Na ɗauka zai tambayi ƙafata.

Ya ce, "Kin kyauta."

Yaya ya cire masa tabaran. Bai hana ba. Kowa ya ga farin da ya rufe ƙwayar idon. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya. Yaya ya zauna a ƙasa da farar rigarsa yana kuka kamar yaro, ni kuwa ko ɗigo. Haushi ne ya cika ni, na kowa da kowa.

Matar Yaya ce ta kama Baba ta mayar da shi ciki. Ina jin ta tana ƙirgawa a hankali, tana kuskurewa.

Litinin, 30 ga Disamba

Gwiwoyi sun kumbura, ba karaya. Ban je shago ba, mai shago ya kira sau shida.

Baba ba ya min magana. Na kai shayi, ya ce a ba surukarsa ta kawo.

Yaya kuwa ya samu bakin magana. Shekara guda na bar uba cikin duhu. Na mayar da shi ɗan wasa. Da yaransa sun mutu fa? Na ce da yana kiran waya fiye da minti biyu da ya ji a muryarsa. Na ce ni na yanke masa farce, ni na karanta masa jarida, ni na tsaya gaban mota, shi me ya tsaya gabansa ban da kyamara? An bar jaki ana dukan taiki. Muka yi ta yi har ƙaramar ta toshe kunne.

An yanke ba da ni ba: ranar Alhamis za su tafi da shi ganin likitan ido. Bene hawa na huɗu. Abin da ya guda shekara guda, ni na kai shi da ƙafata.

Talata, 31 ga Disamba

Matar Yaya ta same ni a ɗaki ina shafa man zafi. Ta zo da littafi da biro kamar 'yar makaranta. Wai in gaya mata yadda ake yi.

Na ce ai ita ce gwanar gyara. Ta ce shayin da ta kai masa jiya ya zube a cinyarsa, bai ce komai ba, ya zauna da shi har ya huce. Ta ce, "Ba don ni ba."

Na ce kofi a dama, hannunsa na kallon shi. Ta rubuta. Na ce ba a kama shi a hannu, shi yake kama gwiwar hannun mutum. Ba a cewa ga shi can. In an shiga ɗaki a yi magana, in za a fita a faɗa, kada a bar shi yana zance da bango. Nama a gefen faranti na kusa da shi. Kada a ce masa sannu fiye da sau ɗaya, yana jin haushi. Ta cika shafi huɗu. Rubutunta ma a jere kamar cokulanta.

Da za ta fita ta ce tun ranar tebur ta yi zargi, ta kuma so ta gaya wa Yaya, sai ta ga kamar akwai dalilin da ya sa na yi shiru. Ta ce da na ba ta fuska ranar albasa da ba a kai ga gwiwata ba.

Na ce ta ja min ƙofar.

Gaskiya ta faɗa. A nan kawai zan rubuta.

Alhamis, 2 ga Janairu

Sun tafi. Baba ya bi ta gabana riƙe da gwiwar hannun surukarsa. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, Baba. Ya ce amin, kamar mai amsa wa baƙo.

Na shiga gyara ɗakinsa na tarar da makullin mazagin a kan tebur, a dama, inda nake ajiye kofi. Ban san me yake nufi ba. Ko ya bar min ne, ko jifa na ya yi da shi.

Asabar, 4 ga Janairu

Gida shiru. Madara ta kwana uku ba ta ƙare ba. Zan iya ajiye takalmi duk inda na ga dama.

Na fito da ɗayan makullin daga shinkafa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Matar Yaya ta kira. Likita ya ce yanar ido ce, ta nuna sosai, amma aikin bai fi rabin awa ba. Ya ce da an zo tun bara da tuni an wuce wurin. Baba ya ƙi, ya ƙi, sai da ta kai shi ya zauna da wani tsoho da aka yi wa nasa, suka yi hirar manyan motoci awa biyu. Talata za a yi na dama.

Rabin awa. Na zauna a kujerarsa ina ta juya maganar. Wata goma sha ɗaya ina lanƙwasa kunnen jarida. Sau nawa na matsa masa a kan asibiti? Sau biyu, a farko. Daga nan na bari. Na ce don rantsuwa ne. Amma akwai daɗi a ce duk duniya kai kaɗai mutum yake kira, ko da kana zaginsa a zuci. Ban taɓa zama wadda ba a iya yi sai da ita ba, sai a shekarar nan.

Ta ce Baba bai gaya wa Yaya abin da likita ya ce kan bara ba, ita ma ba za ta faɗa ba. Ban roƙe ta ba.

Wai in ya tashi neman wani abu Auta yake kira, ita kuma sai ta amsa. Ta ci gaba da amsawa mana, wa ya hana ta.

Talata, 14 ga Janairu

Na ɓata kati sittin. Mai shago ya ce in tafi gida.

Asabar, 18 ga Janairu

Ina wanke motar waya ta yi ƙara. Tsuntsaye ne ke ɓata ta, shi ya sa nake wankewa, ba wani abu ba.

Kiran bidiyo. Fuskar Anti ta fito, ta ce ga mai son magana da ke, ta juya wayar. Yana zaune ba tabarau, ido ɗaya a buɗe yana ta ƙiftawa. Ya kawo fuskarsa kusa har hancinsa ya cika gilashin, ya ja baya. Ya daɗe yana kallo. Na ce ina kwana, Baba.

Ya ce, "Yaushe kika yi furfura?"

Na ce wadda ya ba ni ce. Ya ce na rame. Na ce mota ce ta buge ni. Na ji Anti ta ƙyalƙyale a bayansa, shi bai yi dariya ba. Ya ce in nuna masa gwiwar. Na ce ta warke. Ya ce in nuna masa. Na sauke wayar na nuna, tabon ya yi baƙi. Da na ɗago yana goge idon da bayan hannu, Anti na ce masa likita ya hana taɓawa.

Sai ya hango motar a bayana. Ya ce wa ya koya min wanke mota daga ƙasa zuwa sama. Na ce in bai so ba ya zo ya wanke abarsa. Ya ce sai an yi na hagu, wata mai zuwa. Ya ce kuma in ya dawo ni zan riƙa ja, shi zai zauna gefe, don ya ga direbobin yanzu ba su da tarbiyya. Na ce ban iya ba. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya bar makullin.

Bayan ya ba ta wayar mun yi minti arba'in. Yadda ake ɗiga maganin, da abin da yake ci, da Yaya da ya koyi yanke farce ya yanke masa har da nama. Ta ce za ta rako shi da kanta ta kwana biyu. Na ce to.

Ba wai na fara son ta ba ne.

Na sake wanke motar daga sama. Da na shigo na tsaya ina kallon falo. Kujerar nan dai a bakin taga ta fi shan iska. Na ja ta can, in gani kawai. Ban mayar ba tukuna.